Gayyar Noman da Giwa Ta Haɗiye

Kafin 'yan baƙin ciki su riga ni kai muku labarin nan a karkace, gara ku ji shi daga bakin mai shi. Sunana Tajuddeen, amma a bakin tashar mota ta Gusau in ka ce Injiniya Taju, ko ɗan kabu-kabun da ya fara aiki jiya zai sauke ka a rumfata. Injiniyan ni na raɗa wa kaina, don na ga masu raɗawar suna jan ƙafa. Na fara karatun kwamfuta a babbar makaranta, na baro su a tsakiyar hanya saboda na lura malaman ba sa iya bin saurina. Su dai wani dalilin daban suka manna a allon sanarwa, wannan kuma tsakaninsu da Allah.

Sana'ata cajin waya, tura fim, da buɗe wayar da mai ita ya manta lambar sirrinsa. Ina da kwamfutar cinya guda wadda ake ɗaure murfinta da roba. A cikinta ne abokina Kabiru, wanda muka shiga aji tare shi ya daure ya gama, ya saka mini wata manhaja mai suna PostgreSQL. Ya ce rumbu ce ta ajiye bayanai, kyauta ce, kuma a buɗe take, duk mai ilimi yana iya leƙa cikinta ya gyara. Kana jera bayanai tebur-tebur, sannan ka ƙulla wannan tebur da wancan kamar dangi. Hoton giwa ne a goshinta, don haka na sa mata suna Giwa. Wata da watanni ina buɗe ta a gaban kwastomomi, in rubuta abin da ni ma ban gane ba, in girgiza kai, in rufe.

To sai ga maganar Mansura.

Mansura 'yar Malam Yari ce ta Furfuri. Na daɗe ina zarya a gidan, har akuyarsu ta daina tashi in ta gan ni. Da damina ta yi nisa na je gaishe da tsohon, na durƙusa har robar wandona ta yi ƙara, na kawo maganar turo manya. Ya dube ni yana jan carbi.

"Tajuddini, mu nan ba mu ba da ɗiya ga wanda ba mu ga zuhwa tai ba," ya ce. "Dawata ta bayan gari haki ya kama ta, ga maimai, noma na biyu, ya zo. Al'adarmu ka san ta. Mai neman aure shi ka kawo gayya. Ranar Asabar in an share gonar ga, ka turo manyanka a sa rana."

Gayyar surukai ke nan: saurayi ya tara abokansa da fartanyoyi su nome gonar uban yarinya, gidan yarinya su yi abinci, a kira makaɗi. Da ina da hankali sai in ce to, in tashi. Amma Gwaggo Ma'u, ƙanwar tsohon, tana bakin ƙofa tana tsince shinkafa, sai ta ce:

"Wanga mai hannu kamar na jinjiri? Ina yas san manoma? Sai dai shi kawo muna masu cajin waya."

Nan kaina ya ɗau zafi.

"Gwaggo, gayyar da zan kawo ba a taɓa ganin irinta ba tun da aka kafa Furfuri. Da kwamfuta za a shirya ta. Daga Gusau, daga Bungudu, har Tsafe. Ku dai ku aro tukwane."

"Kwamfutar ita ka riƙa hauya?"

"Ita ke kiran masu riƙewa."

"To Allah shi kai mu," in ji ta. "Ni dai in na dahwa tuwo yak kwana, kai zan ɗura ma shi."

A soro Mansura ta ja ni gefe. "Injiniya, don Allah ka bi mutane gida-gida ka faɗa musu da baki, kamar yadda kowa ke yi."

Na ce mata kowa shi ne kowa, ni kuma ni ne.

Washegari na buɗe Giwa da niyyar aiki a karon farko. Na gina tebur na mutane: suna, gari, lambar waya, da gonar da mutum zai je. Na gina na gonaki, na ƙulla su. Giwa ta nemi in nuna mata abin da za ta riƙa bambance mutum da mutum da shi, abin da ba zai taɓa maimaituwa ba, wai shi mabuɗi. Na ce wannan ai ko ɗan fari ya sani. Suna mana.

Kabiru ya biyo ta rumfar da rana, ya leƙa, ya dafe kai.

"Taju, ba a yin mabuɗi da suna. Ba wa kowa lamba tasa."

"Lamba? Fursunoni ne? Mutane da iyayensu suka yanka musu rago?"

"To aƙalla kafin ka canja komai ka rubuta BEGIN. In ka yi ɓarna sai ka ce ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. Kuma ka riƙa ɗaukar kwafi da pg_dump."

"Wannan na masu yin ɓarna ne. Kai dai haɗa mini abin tura saƙo ka kama gabanka."

Ya haɗa mini 'yar manhajar da za ta zaro lambar kowa da sunan gonarsa daga cikin Giwa ta tura masa saƙo. Ya tafi yana waiwaye kamar wanda ya bar yaro da ashana.

Na shiga tasha neman majiya ƙarfi. Na fara da Sani Dogo, ɗan dakon da ke ɗaukar buhun masara kamar matashin kai.

"Sunanka?"

"Sani Dogo mana. Yau ka san ni?"

"Kwamfuta ba ta karɓar laƙabi. Sunan yanka nake so, na katin zaɓe."

"To, Muhammad Sani."

Ya shiga lafiya. Na matsa wurin Sani Mai Taya. Shi ma da na matse shi ya ce Muhammad Sani. Ina dannawa Giwa ta watso mini wani dogon Turanci mai kama da zagi. Na sake, ta sake. 'Yan tasha suka fara taruwa.

"Injiniya, mi tac ce?"

"Gaishe ku take."

Na ruga bayan rumfa na shiga intanet. Can na tsinto wata dabara da wani bawan Allah ya rubuta, layi ɗaya tal, ana ce da shi ON CONFLICT. Ban karanta bayanin da ke ƙasansa ba, don dogo ne kuma datata ta kusa ƙarewa. Na manna shi. Na sake shigar da Sani Mai Taya. Shiru. Giwa ta karɓe shi ba ko tari. Na fito ina taku ɗai-ɗai, na ce wa jama'a na yi mata magana ta ji.

Abin da layin ke cewa, wanda sai daga baya na sani, shi ne: in sabon suna ya tarar da irinsa a ciki, ya hau kansa ya zauna.

Ku kuma kun san ƙasarmu. Na shigar da Sani Baƙi. Na shigar da Sani Gwanjo. A Bungudu na sami 'yan kokawa, ƙarti masu wuya kamar turmi, Sani Na-Inna da Sani Guduma da ƙanen Sani Guduma wanda shi ma, don iyayensu ba sa son wahala, Sani ne. Duk wanda ya kawo mini laƙabi sai in daka masa tsawa in ce sunan yanka. Da hannuna na riƙa cire wa mutane abin da duk garin ke gane su da shi. Na lura dai teburin ba ya tsawo kamar yadda nake zato, amma na ɗauka Giwa ce ke matse su don kowa ya sami wuri, kamar yadda ake lodi a tasha. Kowa kuma na ja masa kunne: kada a kira ni, kada a tambaye ni rana ko wuri, saƙo zai zo.

Ranar Alhamis Ɗanlami ya zo rumfa. Abokina ne tun na yarinta, ɗan Kekun Waje, mutumin da bai taɓa ƙin abin banza ba.

"Mutumina, ni fa Asabar da safe ina tawa gonar, ciyawa ta kai ƙugu. Sai dai in biyo ku da rana."

Rumfa cike take da masu jiran caji, har da 'yan mata biyu. Na ce dama ta samu.

"Wannan ai ba matsala ba ce a wurin Giwa. Ku matso ku ga ilimi."

Na saka gonar Ɗanlami a teburin gonaki. Sannan na rubuta umarnin UPDATE, wato a canja gonar da Ɗanlami zai je zuwa tasa ta Kekun Waje. Ana ƙara wani guntu a ƙarshe, WHERE, wanda ke cewa wa za a canja wa. Na san da shi sarai. Amma daidai lokacin ɗaya daga 'yan matan ta ce, "Kai, ji yadda yake bugawa ko kallo ba ya yi," sai na ɗaga kai sama don ta tabbatar, na danna da ɗan yatsa ɗaya.

Giwa ta rubuto UPDATE, da wata lamba babba a gabansa.

"Wannan lambar fa?" in ji Ɗanlami.

"Maki ta ba ni."

Aka yi mini tafi. Wallahi aka yi mini tafi.

Juma'a na hau mota zuwa Tsafe wurin Innata, don in sanar da ita ta fara shirin suruka. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Kai wanga, za ka gonar surukai ba babba ko guda? Sa kawuna cikin abin naka, shi tai shi sa albarka."

Kawun nata yana zaune a kan buzu yana shan rana. Ya tsufa har gira ta yi fari, in zai tashi sai an yi masa salati. Kakana ne, don haka ba ma raga wa juna.

"Tsoho, kai da ko tsintsiya ba ka iya ɗagawa, me za ka yi a gayya?"

"Amaryata zan gani, ɗan nema. In ta gan ni ta gan ka, ai ka san wanda za ta ɗauka."

"Kawo sunan yanka."

"Muhammad Sani."

Na shigar da shi, na sa masa gonar Malam Yari da lambar wayar jikarsa. Haka tsohon nan, da sandarsa da tarinsa, ya hau kan 'yan dakon Gusau da 'yan kokawar Bungudu gaba ɗaya ya zauna.

Da la'asar na danna tura saƙo. Ba a jima ba wani ya kira.

"Injiniya, saƙon ga da nig gani, wai gonar..."

"Abin da Giwa ta faɗa maka shi za ka bi. Ba ta kuskure." Na kashe wayar gaba ɗaya, don babban mutum ba a samunsa a jajibirin taro.

Asabar da hantsi na sauka Furfuri cikin farar shadda mai sitaci, kwamfuta a hammata. Jama'a, an yi shiri. Gwaggo Ma'u ta aro tukwanen biki, tuwon dawa ya yi tsauni, ga miyar kuka da man shanu, ga fura a manyan ƙore. An shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa a bakin gona. Makaɗi ya zo da gangar noma. Dattawan unguwa sun zauna, mata sun leƙo ta kan darni. Gonar kuwa, in ka tsaya a wannan baki ba ka hango wancan.

"Ina mutanen naka?" in ji Malam Yari.

"Baba, suna tafe. Tare za su iso, a tsare."

Rana ta ɗaga. Makaɗi ya gaji da ɗumama ganga ya zauna. Can sai ga ƙura a hanya. Na miƙe na gyara hula na ce, "Buga!" Ya saki kiɗa, mata suka rangaɗa guɗa. Ƙura ta lafa, sai ga kabu-kabu guda ɗaya, a bayansa Kaka Muhammad Sani ya rungume direba kamar zai shige cikinsa. Mutum biyu suka sauko da shi.

Makaɗi, da yake an riga an biya shi, ya bi tsohon da kirari: ga na gaba mai kashe haki, ga bijimin gona. Tsohon ya ɗaga sanda yana amsawa, ya taka har tabarma, ya nemi a ba shi fura.

"Wanga shi na gayyar?" in ji Gwaggo Ma'u.

"Wannan mai buɗe taro ne."

"To Allah shi sa kada a ruhe da shi."

Na tsuguna na kwance robar kwamfuta. Na tambayi Giwa ta jero mini duk masu zuwa gonar Malam Yari. Ta kawo layi ɗaya. Na ce ta jero Muhammad Sani. Ta kawo layin nan dai, ɗan Tsafe. Na ce to sauran jama'a fa? Ta jero su reras, kowanne da Kekun Waje a gabansa.

Na tuna maganar Kabiru, na rubuta ROLLBACK da manyan baƙaƙe. Giwa ta ce ba ta ga wani aiki a buɗe da za a janye ba. Na sake rubutawa. Na faɗa da baki. Dattawa suka matso suna kallo, wani ya tambaya ko addu'a ce su ce amin.

Na kunna waya na kira Ɗanlami. Don tsabar ruɗewa na bar ta a lasifika.

"Mutumina!" Muryarsa ta cika gindin ɗorawa, ana jin ƙarar fartanyoyi a bayansa. "Kai, Allah shi saka da alheri! Ina fitowa da sahe nit tarad da mutane cike da gonata, wai kai ka turo su. Ban san kana ƙaunata haka ba. Har mun kusa gamawa, na ce su taɓa ta yayana tunda sun zo."

"Ɗanlami, gayyar surukaina ce! Ba ka faɗa musu ba?"

"To ni ina ni ina gardama da kwamfuta?"

Wata mata a bayan darni ta fashe da dariya har ta shaƙe. Na kira Sani Dogo, wanda a cikin masu suna Sani shi kaɗai nake da lambarsa a wayata. Ya ce sun jira saƙo ba su gani ba, sun ɗauka an raina su ne, sun bi mota lodi zuwa Mada, kuma in na dawo tasha akwai magana.

Kaka ya ajiye ludayi ya share gemu. "Malam Yari, ni an ce in zo in sa albarka, kuma jikana na. Amma tsakani da Allah, in da wani mai nema, a duba shi. In babu, ga ni."

"Tsoho, wa ya kawo ka?"

"Giwarka."

Ban gama haɗiye wannan ba sai ga ayarin babura, bayan azahar. Gayyata ce ta iso daga Kekun Waje, jiki duk laka, ido ya faɗa, don Ɗanlami ko ruwan kunu bai ba su ba. Na tare su da murna na ce ga gona, bismilla. Wani ya ɗaga mini tafin hannunsa da ya yi kanta ya fashe, ya ce in na sake cewa gona zai nome ni. Suka wuce ni suka zauna wa tuwon Gwaggo Ma'u. Ɗanlami ma yana cikinsu, shi ya fara neman ƙari. Kafin a ce haka tukwane sun koma fayau, gona kuma ko ciyawa ɗaya ba ta san an yi taro ba.

Gwaggo Ma'u ta tsaya a kaina riƙe da muciya. "Injiniya, na ga aikin kwamfuta. An nome ma wani gona, an cinye muna tuwo. Saura mi? Ko akwai wadda za ta auri ɗiyar a madadinka?"

Malam Yari bai yi dariya ba, wannan ya fi tsorata ni. Ya miƙe, ya karɓi fartanya a hannun wani, ya miƙo mini a gaban kowa.

"Ban hana ka Mansura ba. Ga gona nan. Randa kag gama ta da hannunka, turo manyanka."

Na naɗe hannun shadda. Na ce a raina, noma ai ba ilimi ba ne, sara ne kawai. Makaɗi ya taso ya biyo ni da ganga, 'yan gayya da suka ƙoshi suka jeru a bakin gona suna ba ni ƙarfin gwiwa da baki. Kiɗa ya shige ni. Na duƙa na kama sara ba ji ba gani, duk abin da ya yi kore a gabana na kwantar da shi. Ihu ya tashi, na ɗauka yabo ne, na ƙara wuta.

Sai da aka riƙe fartanyar ta baya na tsaya. Malam Yari ne. Ya duƙa ya ɗago abin da na sare, ya kara mini a hanci.

"Wanga mi na?"

"Ciyawa, Baba."

"Dawa ta." Ya juya ya dubi dattawa. "Ku shaida. Duk tushen dawar da yas sare, an ƙara mai wata guda bisa ranar auren."

Na waiwaya a hankali. Tun daga bakin gona har inda nake tsaye, dawa ce kwance a jere, ciyawa kuwa na tsaye a tsakaninta cikin ƙoshin lafiya. Kaka Muhammad Sani ya fara bin kunyar da sandarsa yana ƙirgawa da ƙarfi, jama'a na amsa masa.

Na ɗaga fartanya zan ci gaba, ko na rage asara. Sai muryar Mansura ta taso daga bayan darni, ita da ba ta taɓa ɗaga murya a gaban babanta ba.

"Don girman Allah a karɓe hauyar nan daga hannunsa! In ya kai ƙarshen kunyar can, da furfura za a kai ni ɗaki!"